Ni Ɗan Gidan Maguzawa Ne: Yadda Na Koyi Musulunci Da Girmana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina son in ba da wannan labari saboda mutum biyu: wanda ya shigo Musulunci sabo yana jin ba shi da kowa, da wanda aka haifa a cikinsa bai taɓa tsayawa ya tambayi halin da mai shigowa yake ciki ba. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu suna raye, waɗanda suka rasu kuma sun bar 'ya'ya.

An haife ni a farkon shekarun 1970 a wata unguwar Maguzawa da ke kudancin ƙasar Katsina, ta wajen Malumfashi. Hausa zalla muke yi, ba mu da wani yare. Gidanmu babba ne, kakana da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki duk cikin shinge ɗaya, gandu ɗaya muke nomawa. Mata suna shiga gona kamar maza, kowace da gayaunarta, kuma suna dafa giya su sayar ranar kasuwa.

Mutane da yawa suna zaton Bamaguje bai san Allah ba. Ya san shi. Mun san Allah ne ya yi sama da ƙasa, kuma sunansa ba ya barin bakinmu a gaisuwa da rantsuwa. Abin da aka koya mana shi ne yana can nesa, ba a zuwa masa kai tsaye, iskoki ne ke kusa da mutum, su ke sa ciwo su ke ɗauke shi. Shi ya sa muke da kan gida, wato tsafin da gidanmu ya gada, wanda kakana ke kula da shi, daga baya ya koma hannun Baba. Kafin shuka a yi wa Uwar Gona, iskar da ake cewa ita ke kula da gona, yanka. In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kira 'yan bori su faɗi wanda aka ɓata wa rai cikin iskoki, da abin da yake so, ko jan zakara ko baƙar akuya.

Dole in faɗi wani abu game da mahaifina tun yanzu. Ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Musulmin garin da ke kusa da mu shi suke kawo wa ajiyar hatsi, su tafi wata da watanni ba rubutu ba shaida, su dawo su tarar da damminsu cif. A hannun wannan mutum na tashi, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba ba ya rage masa wannan daraja a wurina.

Farin 1984 shi ya fara girgiza ni. Ruwa ya ɗauke gero bai kai ga kunno kai ba, rumbuna suka koma fanko, aka shiga cin ganye da dusa. Cikin wannan yunwa ƙyanda ta shigo unguwa ta kama ƙanwata, wadda nake goyawa in Inna ta tafi gona. Aka yi tambaya, aka ce a zub da jinin baƙar akuya. Akuya ɗaya ta rage wa Inna, ita aka kama, ni na riƙe ƙafafunta aka yanka. Har yanzu ina tuna ɗumin jinin a kan yatsun ƙafata, da yadda Inna ta juya baya don kada ta gani. Kafin gari ya waye yarinyar ta cika. Da safe manya suka zo gaisuwa suna cewa, “Allah ya karɓi abinsa.” Wannan magana ta tsaya mini a rai. In nasa ne, kuma shi ya karɓa, me ya sa ba shi muka roƙa ba? Ban tambayi kowa ba, don yaro ba ya irin wannan tambaya a gidanmu, amma ban daina yinta a zuciyata ba.

Da na zama saurayi na bi 'yan cin rani zuwa Kano, na shiga dako a kasuwar hatsi ta Dawanau. A rumfa muke kwana, mu da yawa, kuma ni kaɗai ne ba na sallah. In an kira Asuba sai in ja mayafi in yi kamar ina barci, ina jin ƙarar butoci. Akwai wani dattijo mai awo da nake yi wa sauke kaya. Ya san ko ni wane ne tun ranar farko, amma in an kawo masa tuwo sai ya ce, “Zo mu ci, ɗana,” kwano ɗaya. A garinmu akwai gidajen da ke ware mana ƙwarya ta daban in mun roƙi ruwa, saboda haka wannan kwano ya yi mini wa'azin da ba a yi da baki ba. Wata rana kasuwa ta lafa na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, in mutum yana son magana da Allah, ta wajen wa zai bi?” Ya dube ni ya ce, “Ba ta wajen kowa ba. Ka tsarkake jikinka, ka fuskanci alƙibla, ka gaya masa damuwarka.” Sannan ya karanta wata aya ya fassara mini, wadda daga baya na san tana cikin Suratul Baƙara: idan bayina suka tambaye ka game da ni, to ni Makusanci ne, ina amsa kiran mai kira idan ya kira ni. Na kwana ina juya wannan magana. Amsar tambayar da nake ɗauke da ita tun rasuwar ƙanwata ce.

A ƙarshen shekarun 1980 na karɓi kalmar shahada a wani masallaci bayan sallar La'asar. Liman ya faɗa ina maimaitawa: na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma na shaida Muhammadu Manzon Allah ne. Aka umarce ni da wanka, na zaɓi suna, masallaci ya ɗauki kabbara. Wani ya ba ni riga, wani hula, aka tara mini kuɗi a cikin hular. Na yi kuka don murna.

Washegari kowa ya kama gabansa. Wannan ne abin da ba a faɗa in ana ba da labarin musulunta. Ranar shahada kana da 'yan'uwa cike da masallaci, kwana biyu bayan haka kana tsaye gaban buta ba ka san da wace gaɓa ake farawa ba. Sahun ƙarshe nake tsayawa ina satar kallon na kusa da ni, in ya sunkuya in sunkuya, bakina yana motsi ba komai a cikinsa. Ga tsoro. Duk wanda ya tashi a gidan tsafi ya san abin da ake cewa yana samun wanda ya juya wa kan gida baya. Ba a daɗe ba zazzaɓi mai zafi ya kayar da ni, na kwanta a rumfa ina rawar ɗari, zuciyata tana ce mini ga shi nan sun biyo ka. Dattijon nan ne ya ɗauke ni ya kai ni asibiti aka ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro, da na warware ya kama hannuna ya kai ni zauren wani malami ya ce, “Allah gafarta Malam, ga amana na kawo maka.”

Ranar farko Malam bai ba ni allo ba, labari ya ba ni. Ya ce wata rana Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana zaune da sahabbansa sai ga wani mutum da tufafi farare fat, gashinsa baƙi wuluk, babu alamar tafiya a jikinsa, kuma babu wanda ya san shi. Ya zauna ya haɗa gwiwarsa da ta Annabi ya ce a gaya masa mene ne Musulunci. Annabi ya ce ka shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah kuma Muhammadu Manzonsa ne, ka tsai da sallah, ka ba da zakka, ka azumci Ramadan, ka ziyarci Ɗakin Allah in ka samu iko. Ya ce imani fa? Annabi ya ce ka yi imani da Allah, da mala'ikunsa, da littattafansa, da manzanninsa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Ya ce ihsani fa? Annabi ya ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Bayan baƙon ya tafi Annabi ya ce Mala'ika Jibrilu ne, ya zo ya koya muku addininku. Malam ya ce, “To yaro, duk abin da za ka karanta a zauren nan har ka tsufa, bayanin wannan zama ɗaya ne.”

Cikin duka, maganar ƙaddara ce ta fi ratsa ni. Na tambaye shi game da ƙanwata. Ya ce ba fushin wani iska ba ne ya ɗauke ta, kuma ba don akuyar Inna ta yi kaɗan ba, ajalinta ne ya zo a rubuce. Aljannu akwai su, Alƙur'ani ya ambace su, amma halittu ne kamar mu, ba su mallaki rai ko arziki ba, kuma ba a yi musu yanka. Na ce to ina take yanzu, tunda ba a gidan Musulmi ta rasu ba? Ya yi shiru kaɗan, sannan ya kawo mini hadisin da ke cikin Bukhari, inda aka nuna wa Annabi a mafarki Annabi Ibrahim a cikin dausayi yara sun kewaye shi, sahabbai suka ce har da 'ya'yan mushirikai, ya ce har da su. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, amma shi wannan ne ya fi ƙarfi a wurinsa. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu su ya fara sa ni haddacewa bayan Fatiha, saboda ya gane tsoron dare ne ke cina.

Karatu kuwa sai da gumi. Da gemuna ya fara tsirowa nake zama cikin yara ƙanana da allo a cinya, ina babbaƙu suna farfaru, wasu har sun kai izu biyar. Suna dariya in na karya harafi. Malam ya kan ce musu gemu ba ya hana ilimi, ya ci gaba da biya mini. Bayan Magariba kuma manya su zauna karatun littattafai, Malam ya karanta Larabci ya fassara da Hausa. A Ahalari na san farillan alwala bakwai ne a mazhabar Imam Malik, malamin Madina wanda mazhabarsa ce ta fi yaɗuwa a ƙasashenmu: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa da gaggautawa, wato yin su bi da bi ba jinkiri. Na san Asuba raka'a biyu ce, Azahar da La'asar da Isha'i huɗu-huɗu, Magariba uku, na san ƙabli da ba'adi. Daga nan Ishmawi, Iziyya, sai Risala. Da muka zo babin zakka na ji kamar da ni ake, ni ɗan manomi: amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma in ya kai nisabi, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin, kuɗi kuma ɗaya cikin arba'in in shekara ta zagayo a kansu. A gidanmu ma ana cire wani abu daga amfanin gona, amma gindin itace ake kai wa. A nan bakin mabukaci ake kai wa.

Azumina na farko ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan Kano ba sassauci. Buhun masara a kafaɗa, leɓe ya bushe ya tsage, ga ƙishirwar giya da na tashi da ita tun ina yaro, domin a wajenmu ita ce abin jiƙa maƙoshi a gona. Na kai kukana wurin Malam. Ya ce giya haramun ce, wannan babu ja a ciki, amma in sani Alƙur'ani shekara 23 ya yi yana sauka, kuma hana giya baki ɗaya sai a Madina ya zo. Ya kawo mini maganar Nana A'isha cewa da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa barinta ba, amma sai aka fara da ambaton aljanna da wuta har zukata suka tsayu. Ya ce, “Hukuncin ba ya sauyawa, amma mu ne za mu riƙe ka har ka tsaya da ƙafarka.” Ya hana ni shan ruwa a ko'ina sai gidansa, dattijon kasuwa kuma ya mayar da aikina safe da dare. Haka na kai ƙarshen watan, na auna mudun Nabi huɗu na gero da guminna na ba da zakkar fidda kai, na tafi idi.

Da damina ta kusa na koma gida, abin da nake tsoro tun farko. Labari ya riga ni isa. Baba bai ce mini komai ba sai ranar yankan shuka, da ya kira ni in riƙe dabba kamar yadda na saba. Na durƙusa na ce, “Baba, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya ba. Duk wani aiki ka sa ni zan yi.” Da aka dafa naman ban ci ba. Ya dube ni gaban 'yan'uwa ya ce wanda ba ya cin abin da muke ci ba namu ba ne. Inna ta shiga ɗaki tana kuka tana cewa birni ya cinye mata ɗa. Baffannina suka tuna mini cewa tun zamanin Jamhuriya ta Farko an taɓa zuwa unguwar da wa'azi, wasu suka karɓi shahada aka raba musu yadi da carbi, masu wa'azin suka tafi ba wanda ya dawo ya koya musu sallah, a hankali duk suka koma abin da suka sani. Suka ce ni ma haka zan dawo. Na bar gida gwiwa a sanyaye.

A Kano abokai suka yi ta ba ni shawara, da kyakkyawar niyya, cewa in manta da su, na samu sababbin 'yan'uwa, kada su ja ni baya. Zuciyata ta rabu biyu. Na je na zayyana wa Malam komai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Ya ɗauko Alƙur'ani ya buɗe Suratu Luƙman, aya ta 14 da ta 15, ya fassara mini a hankali: ka gode mini, ka gode wa iyayenka, in sun matsa maka ka yi shirka da ni kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Ya ba ni labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda mahaifiyarsa ta rantse ba za ta ci ba za ta sha ba sai ya bar Musulunci, da na Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirka, ta tambayi Annabi ko ta sadar da zumuncinta, ya ce ƙwarai ki sadar. Sannan ya ce, “Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu bai ruɓe ba. Duk damina ka koma ka yi wa mahaifinka noma. In ka ƙi, kada ka ƙara zama a zaurena.”

Na bi umarni. Shekaru ina zuwa in yi sharar gona, in yi noman fari da maimai, in kawo gishiri da sabulu da atamfar Inna, in yi sallata a bayan rumbu. Baba yana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. In an yi nama sai in ci tuwona da miyar da Inna ke ware mini a ƙaramar tukunya. Wata shekara bayan an gama girbi, ina zaune a ƙofar gida, sai ga Baba da zakara a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan. Ya miƙo mini ya ce, “Ungo, yanka irin naku, don ka ci tare da mu.” Hannuna yana rawa na fuskantar da zakaran alƙibla na ce Bismillahi Allahu Akbar. Daga ranar, in ina gida, duk abin da za a yanka don ci ni ake kira. Bai bar addininsa ba, ni ma ban bar nawa ba, amma mun koma cin kwano ɗaya.

Ciwon da ya fi daɗewa bai warke ba daga wajen Musulmi ya zo mini. Da na tashi aure na nemi wata yarinya a unguwar da nake, ta amince, mahaifinta ma sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Da manya suka je tambaya sai aka ce musu tubabbe ne, ba shi da asali, ba za a haɗa jini da arna ba. Na ji wannan magana har cikin ƙashina. A gida an ce ni ba nasu ba ne, a nan ma an ce haka. Na rasa tudun dafawa, har na fara jin nauyin zuwa masallacin.

Tarihi ne ya tsayar da ni. A lokacin Malam yana karantar da mu sirar Annabi, sai na fara sauraro da wani kunne daban. An haifi Annabi a Makka wajen shekarar 570, wahayi ya fara zuwa masa a Kogon Hira yana da shekara arba'in, a 610. Ya yi shekara 13 yana kira a Makka, cikin mutanen da suka cika Ka'aba da gumaka. Su wa suka amsa? Khadija, Abubakar, Aliyu, Zaidu, da bayi da raunana irin su Bilal na Habasha da aka ɗora wa dutse a ƙirji cikin rana, da Sumayya da mijinta Yasir da aka kashe a kan wannan kalma. Wasu suka gudu Habasha, sarkin Kirista Najjashi ya ba su mafaka. A 622 aka yi hijira zuwa Madina, Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin waɗanda suka baro gidajensu da mutanen garin, har mutum ya raba dukiyarsa da baƙon da bai taɓa gani ba. Umar da ya fito da takobi don ya kashe Annabi shi ya zama halifa na biyu. Khalid ɗan Walid da ya yaƙi Musulmi a Uhudu shi aka yi wa laƙabi da Takobin Allah. Aka buɗe Makka a 630, Annabi ya yi wafati a 632. Manyan sahabban da muke sa wa 'ya'yanmu sunayensu, kusan dukansu a gidan bautar gumaka aka haife su. Ba wanda ya ce musu ba su da asali. Kuma Suratul Hujurat ta yanke magana: mafificinku a wurin Allah shi ne wanda ya fi ku taƙawa.

Da na waiwayo ƙasar Hausa sai na ga haka abin yake. Daular Kanem ta yankin Tafkin Chadi ta riga mu, sarakunanta sun musulunta tun ƙarni na 11. A Kano kuwa tarihi ya nuna ana bautar Tsumburbura a gindin Dala, kuma Wangarawa ne daga Mali suka zo da Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Ya ƙara kafuwa a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya zo birnin. A Katsina ana danganta shigarsa fada da Muhammadu Korau, ga hasumiyar Gobarau tana tsaye har yau. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya shafe shekaru yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi saboda mutane suna sallah suna haɗawa da tsafi, kafin hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Duk Bahaushen da ke sallah yau, in ya bi kakanninsa baya zai iske wanda ya fara furta shahada a zuriyarsu, wanda shi ma wani ya zauna ya koya masa alwala. A tawa zuriyar ni ne wannan mutum. Na daina jin kunyar hakan tun daga lokacin, kuma ina ganin wanda ya hana Musulmi aure don iyayensa ba Musulmi ba ne ya jahilci yadda addinin ya iso gidansu.

Malam da kansa ya nema mini aure a wurin wani almajirinsa, shi ya tsaya mini a matsayin uba. Ita ce uwar 'ya'yana har yau.

An kuma ja ni ta kowane ɓangare, wannan ya ce in saki hannu a sallah, wancan ya ce in kama, wannan ya ce in karɓi ɗariƙa, wancan ya ce in guje ta. Sabon shiga ba ya gane wannan rigima, rikita shi kawai take yi. Ni dai na saurari tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna, na saurari na Sheikh Nasiru Kabara, na amfana da kowanne, na riƙe abin da Malam ya ce: in fara gyara tsarkina da sallata da gaskiyata a awo.

Baba ya rasu a kan addinin iyayensa. Na yi jinyarsa, ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Na yi masa tayin shahada da murya mai taushi, ya kama hannuna ya ce, “Kai ɗan kirki ne, amma bar ni in tafi inda ubana ya tafi.” Ban matsa ba, domin babu tilas a addini. Na shiga cikin masu haƙa kabarinsa, kamar yadda Annabi ya umarci Sayyidina Aliyu ya je ya binne mahaifinsa Abu Ɗalib. Ban yi masa sallah ba, ba na kuma nema masa gafara, don Alƙur'ani ya hana. Ba zan ɓoye muku ba, wannan shi ne abu mafi nauyi da nake ɗauke da shi. In ya taso mini nakan karanta ayar da aka saukar wa Annabi kan baffansa, a Suratul Ƙasas: kai ba ka shiryar da wanda kake so, Allah ne ke shiryar da wanda ya so. Annabi ma ya ɗanɗani wannan ɗaci.

Da aka zo rabon gonaki na gaya wa 'yan'uwana cewa Musulmi ba ya gadon wanda ba Musulmi ba, saboda haka su raba ba da ni. Suka yi mamaki, don fadamar da ke cikin rabon kowa yana sonta. Bayan sun raba, yayana ya kira ni ya yankar mini wani yanki daga nasa kason ya ce kyauta ce, ladan noman da na yi wa Baba. Na tambayi Malam, ya ce kyauta halal ce, in karɓa in gode.

Inna ta dawo hannuna a Kano. Ban taɓa yi mata wa'azi ba, sai addu'a, irin wadda Abu Huraira ya roƙi Annabi ya yi wa mahaifiyarsa. Jikokinta ne suke biya karatunsu na Islamiyya a ɗakinta da dare. Wata Asuba matata ta same ta a tsakar gida da buta tana cewa a nuna mata yadda ake yi. Fatiha da Ƙulhuwallahu kawai ta iya haddacewa saboda tsufa, da su ta yi sallah har ta koma ga Allah, kuma ita na samu damar yi mata sallar jana'iza.

Yanzu ina awon hatsi da rumfata. Hajji ban samu iko ba tukuna, ina tari. 'Yan'uwana sun kasu uku, wasu Musulmi, wasu sun shiga addinin Kirista ta hannun mishan da suka zauna a yankin da makaranta da asibiti, wasu suna nan kan na gado, kuma duk muna haɗuwa a biki da mutuwa. Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, shi da dattijon da ya kai ni wurinsa. A zauren gidana, daga Magariba zuwa Isha'i, ina zama da waɗanda suka shigo Musulunci da girmansu, yawancinsu 'yan dako da leburori daga ƙauyuka irin namu. Da hadisin Jibrilu nake fara musu, sai buta, sai Fatiha. Ina tambayar kowannensu inda yake kwana, da abin da yake ci, da rabonsa da iyayensa. Masu hali na unguwarmu kuma ina tuna musu cewa cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a bai wa zakka akwai waɗanda ake lallashin zukatansu, kuma ga su nan a zaurena. Bana biyu daga cikinsu sun isa aure, ina kan zagayen gidajen abokaina ina nema musu.